KYAUTA BA TA BIYAN BASHI: KAMFANIN SHELL DA HAƘƘIN MUTANEN NEJA DELTA

Akwai wata kalma da manyan kamfanonin duniya suka ƙago, suka yayata ta har ta zauna a bakin 'yan jarida da gwamnatoci, wato abin da suke kira "ɗawainiyar kamfani ga al'umma". Ma'anarta a wurinsu ita ce kamfani ya tsakuro wani abu daga ribarsa bisa ganin damarsa, ya gina ajujuwa ko ɗakin shan magani, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya biya wa wasu yara kuɗin makaranta, sa'annan ya buga hotunan a littafi mai ƙyalli a ƙarshen shekara. Babu mai hankalin da zai ƙi makaranta ko asibiti. Amma wanda ya ƙone maka rumbu, sa'annan ya aiko maka da mudun gero yana jiran godiya, lalle yana so ne ka ɗauki bashin da kake binsa a matsayin alherin da ya yi maka. Wannan ita ce ƙissar kamfanin man fetur na Shell da mutanen Neja Delta, kuma za mu bi ta da shekaru da adadi, domin kada wani ya ce ƙiyayya ce ta sa mu magana.

DAGA OLOIBIRI AKA FARA

A shekarar 1956 Shell ya tono man fetur mai yawan da za a iya sayarwa a Oloibiri, cikin Jihar Bayelsa ta yau, a 1958 kuma jirgin farko ya tashi da ɗanyen man Nijeriya zuwa ƙasashen waje. A wannan shekarar dai aka samu mai a Bomu, cikin ƙasar Ogoni. Kafin shekarun 1970 su ƙare rijiyoyin Oloibiri sun daina kawo abin kirki, kamfani ya tattara ya yi gaba, aka bar garin da tsatsan ƙarfe da talauci. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aka tsara wannan ciniki. A haɗin gwiwar da Shell ya shafe shekaru yana jagoranta a kan tudu da fadamun Neja Delta, kafin 2025 kamfanin mai na gwamnatin Nijeriya yana da kashi 55 cikin 100, Shell yana da 30, kamfanin Faransa yana da 10, na Italiya yana da 5. Sai dai a wancan lokaci Shell shi ne mai gudanarwa: shi ke shimfiɗa bututu, shi ke kula da su, shi ya san ranar da aka binne kowanne da ranar da ya kamata a sauya shi. Ta fuskar doka kuma, dokar man fetur ta 1969 ta mallaka wa gwamnatin tarayya duk man da ke ƙarƙashin ƙasa, dokar filaye ta 1978 ta sanya ƙasar kanta a hannun gwamnoni. Da wannan aka wayi gari manomi da masunci ba su da mai, ba su da ƙasa, abin da ya rage musu shi ne hayaƙi da malala.

UMUECHEM DA OGONI

A ƙarshen Oktoban 1990 mutanen Umuechem a Jihar Ribas suka fito zanga-zanga kusa da wurin aikin Shell, suna neman ruwan sha da hanya da diyyar gonaki. Wani babban jami'in kamfanin ya rubuta wa hukuma yana neman a turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Aka turo su. Cikin kwana biyu aka kashe kimanin mutum 80, aka rushe ko aka ƙone gidaje kusan 500. Kamfanin ya ce shi kariya ya nema, bai nemi kisa ba. To, amma wa ya jahilci halin waɗannan 'yan sanda a wancan zamani? Wanda ya kira kura ta yi masa gadin garke ba ya da bakin cewa bai san tana da haƙori ba.

A shekarar dai ta 1990 al'ummar Ogoni suka kafa ƙungiyar MOSOP, suka rubuta takardar neman haƙƙoƙinsu: rabo mai adalci daga man ƙasarsu, kare muhallinsu, da ikon tafiyar da al'amuransu a cikin Nijeriya. Jagoran da ya fi shahara a cikinsu shi ne marubuci Ken Saro-Wiwa. Ranar 4 ga Janairun 1993 kimanin mutum 300,000 suka fito zanga-zangar lumana, a 1993 ɗin kuma Shell ya dakatar da haƙo mai a ƙasar Ogoni, ko da yake bututunsa sun ci gaba da ratsa ta. Amsar gwamnatin soja ita ce rundunar tsaro ta musamman ƙarƙashin Paul Okuntimo, wadda ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka tattara shaidu a kanta na kisa da fyaɗe da ƙone ƙauyuka. Daga baya Shell ya amsa cewa ya taɓa biyan alawus ga sojojin da ke aiki a yankin, ya kuma amsa cewa ya taɓa shigo da ƙananan bindigogi don 'yan sandan da ke gadin kayansa.

IGIYA A FATAKWAL

Ranar 21 ga Mayun 1994 wasu gungun mutane suka kashe manyan Ogoni huɗu a Giokoo: Edward Kobani, Albert Badey, Samuel Orage da Theophilus Orage. Wannan kisa zalunci ne, jininsu kuma yana da alhaki kamar na kowa. Amma maimakon bincike na gaskiya, gwamnatin Janar Sani Abacha ta kama Saro-Wiwa, wanda jami'an tsaro da kansu suka hana shi shiga yankin a ranar, ta gurfanar da shi da abokansa gaban kotu ta musamman wadda ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinta. Biyu daga cikin shaidun gwamnati suka yi rantsuwa daga baya cewa saye su aka yi, da kuɗi da alkawarin aiki a Shell. Kamfanin ya musanta wannan, yana kuma musantawa har yau. Ranar 10 ga Nuwamban 1995 aka rataye mutum tara a gidan yarin Fatakwal, aka kuma dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila.

Ina Shell yake a tsawon watannin da aka yi ana wannan shari'a? Matsayinsa shi ne, bai dace kamfanin kasuwanci ya tsoma baki a shari'ar ƙasa mai 'yanci ba. Sai bayan an yanke hukuncin kisa shugabansa ya aika wasiƙar neman sassauci. Kwanaki kaɗan bayan ratayewar, kamfanin ya tabbatar da cewa zai ci gaba da aikin iskar gas na biliyoyin daloli a Bonny tare da wannan gwamnati. Abin tambaya a nan: kamfanin da ke haƙo kusan rabin man da gwamnati take rayuwa a kansa, wanda ke da bakin magana a kan haraji da kwangila da turo jami'an tsaro, yaya aka yi bakinsa ya mutu sa'ad da maganar ta zama ta wuyan mutum tara?

YADDA AKA HAIFI "ƘA'IDOJI"

Bayan Nuwamban 1995 sunan Shell ya ɓaci a Turai da Amurka, aka yi ta zanga-zanga a gidajen mansa ana kiran a ƙaurace masa. A nan ne, ya ɗan'uwa, aka ga kamfanin ya farka. A 1997 ya sanya girmama haƙƙin ɗan'adam cikin ƙa'idojin kasuwancinsa. A 1998 ya fara buga rahoton shekara-shekara a kan al'umma da muhalli. A 2000 ya shiga cikin kamfanonin da suka amince da ƙa'idojin sa-kai a kan tsaro da haƙƙin ɗan'adam. A 2006 ya fito da tsarin yarjejeniya da rukunin garuruwa, inda yake ba su kuɗi su zaɓi ayyukan da suke so. A lura da tsarin shekarun nan. Shekara 39 tsakanin Oloibiri da igiyar Fatakwal ba su haifar da waɗannan ƙa'idoji ba, sai da mai sayen fetur a Landan da Hambog ya fara juya baya. Kuma a lura da kalmar "sa-kai", domin a cikinta sirrin yake: alkawari ne wanda mai yin sa shi ke auna kansa, shi ke ba kansa maki, babu alƙalin da zai kama shi in ya saɓa.

ABIN DA MASU BINCIKE SUKA TARAR

A watan Agustan 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta a kan ƙasar Ogoni. Gwamnatin Nijeriya ce ta nemi binciken, kuɗinsa kuma daga haɗin gwiwar da Shell ke jagoranta ya fito, saboda haka ba rahoton maƙiya ba ne. Ga kaɗan daga abin da suka tarar. A Nisisioken Ogale mutane suna shan ruwan rijiyoyin da sinadarin benzin mai haddasa ciwon daji ya ninka ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. A wannan yanki an samu tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. A wurare da yawa gurɓatar ta nutse har zurfin mita 5. A Ejama-Ebubu, inda mai ya malala tun wajen 1970, bayan shekara 40 ƙasar tana nan a gurɓace duk da sharar da aka ce an yi. Rahoton ya ce hanyar da kamfanin ke bi wajen tsabtace wuraren ba ta yi aiki ba, kuma bai cika ko ƙa'idojin da ya gindaya wa kansa ba. Ya ƙiyasta cewa farfaɗo da ƙasar zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, ya kuma nemi a ware dala biliyan 1 don shekaru biyar na farko kawai.

Duk wannan a ƙasar Ogoni ne kaɗai, wadda faɗinta bai wuce kimanin murabba'in kilomita 1,000 ba. A 2023 kwamitin da Jihar Bayelsa ta kafa ya ce gyara ɓarnar da kamfanonin mai suka yi a wannan jiha ɗaya zai ci aƙalla dala biliyan 12. Ga kuma wutar iskar gas da ke ci dare da rana a gefen gidajen mutane. Dokar 1979 ta sanya 1984 a matsayin wa'adin daina ƙone ta. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin, a ƙarar da Jonah Gbemre ya shigar a madadin mutanen Iwherekan, ta yanke cewa ƙone gas ɗin ya keta haƙƙin rayuwa da mutunci. Hukunci ya fito, wuta ba ta mutu ba.

DIYYA SAI DA ƘARFIN KOTU

Ga babbar hujjarmu. A dubi manyan kuɗaɗen da Shell ya biya saboda ɓarna, a ga ko akwai wanda ya fito ba tare da doguwar shari'a ba.

Iyalan Saro-Wiwa da wasu sun shigar da ƙara a New York a 1996. Sai a Yunin 2009, ana gab da fara sauraron shaidu, kamfanin ya biya dala miliyan 15.5, yana cewa bai amsa laifi ba, alheri ne kawai don sasanci.

A 2008 babban bututu ya fashe sau biyu a Bodo, mai ya yi makonni yana kwarara cikin ruwan da dubban masunta ke ci daga gare shi, ya kashe kifi da itatuwan fadama inda kifin ke hayayyafa. Tayin farko da aka yi wa garin duka, kamar yadda lauyoyinsu suka bayyana, fam 4,000 ne. Kamfanin ya ce ganga 4,000 ne suka zube. Da aka je kotun Landan ya amsa cewa adadin ya fi haka, takardunsa na cikin gida kuma suka nuna cewa tun 2002 ma'aikatansa sun yi gargaɗin tsufan manyan bututun. A Janairun 2015 ya biya fam miliyan 55: miliyan 35 ga mutum 15,600, miliyan 20 ga garin. A kwatanta fam 4,000 da fam miliyan 55. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar da ke tsakanin "ɗawainiya" da haƙƙi.

Manoma huɗu daga Goi da Oruma da Ikot Ada Udo sun kai ƙara Holan a 2008. Kotun ɗaukaka ƙara ta Hague ta ba na Goi da Oruma gaskiya a Janairun 2021, a Disamban 2022 aka amince da yuro miliyan 15, alhali wasu daga cikinsu sun riga sun rasu, 'ya'yansu ne suka ƙarasa shari'ar. Mutanen Ejama-Ebubu sai a 2021 kamfanin ya amince ya biya su naira biliyan 45.9, fiye da shekara 50 bayan malalar. Mutanen Ogale da Bille kuwa sai da suka kai har Kotun Ƙolin Birtaniya, wadda a Fabrairun 2021 ta yarda cewa suna da damar ƙarar uwar kamfanin a Ingila. Shekarun da suka shafe kafin nan, a kan neman izinin shiga kotu kawai suka tafi.

Adalci ya sa mu faɗi cewa ba duk ƙara ce aka yi nasara ba. Kotun Ƙolin Amurka ta kori ƙarar Esther Kiobel a 2013 bisa dalilin hurumi, a 2022 kuma kotun Hague ta ce ita da sauran zawarawan ba su kawo isasshiyar hujjar cewa Shell ya sayi shaidu ba. Don haka ba mu ce kotu ta kama kamfanin da laifin kisa ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda ribarsa a 2022 kaɗai ta kai kusan dala biliyan 40 yana da ƙarfin jan shari'a har mai ƙara ya tsufa ko ya mutu, kuma ya yi amfani da wannan ƙarfi.

SHUBUHOHI DA AMSOSHINSU

Masu kare kamfanin suna da hujjoji uku. Ta farko, wai mafi yawan malalar ɓarayin mai da masu fasa bututu ne ke jawo ta. Ba mu musun cewa satar mai da matatun daji sun yi mummunar ɓarna, kuma masu yin su azzalumai ne ga 'yan'uwansu. Amma wa ke tantance dalilin kowace malala? Tawagar bincike ce wadda kamfani ke kai ta wurin da jirginsa, da kayan awonsa, domin hukumar gwamnati mai sa ido, wadda aka kafa a 2006, ta daɗe tana fama da rashin kayan aiki. A dokar Nijeriya, in aka rubuta cewa fasawa aka yi, babu diyya. Ashe wanda zai biya shi ke riƙe da alƙalamin da zai rubuta ko za a biya. Da aka kai maganar Goi da Oruma gaban alƙalan Holan, sun ce kamfanin bai tabbatar da zargin fasawar ba. Bayan haka, doka ta ɗora wa mai bututu tsabtace wuri ko mene ne sanadin malalar. Kuma ɓarayi ba su ne suka kunna wutar gas ba.

Ta biyu, wai gwamnati ce ke da kaso mafi tsoka, ita ya kamata a tuhuma. Haƙiƙa gwamnatocin Nijeriya, na soja da na farar hula, abokan tarayya ne a wannan zalunci. A 2001 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Afirka ta same su da laifin keta haƙƙin Ogoni. Hukumar raya Neja Delta da aka kafa a 2000 ta yi suna wajen ayyukan da aka biya ba a yi ba, shirin tsabtace Ogoni da aka ƙaddamar a 2016 shi ma ya sha suka a kan jinkiri da ba da kwangila ga waɗanda ba su ƙware ba. Sai dai laifin abokin tarayya ba ya wanke ɗayan. In mutum biyu suka haɗu suka cinye dukiyar maraya, wanda ya ci kashi 30 ba ya kuɓuta don ɗayan ya ci 55.

Ta uku, wai kamfanin ya gina makarantu da asibitoci, ya ba da tallafin karatu. Gaskiya ne ya yi, wasu kuma sun amfana. Amma ina amfanin ɗakin shan magani ga wanda zai koma gida ya sha daga rijiyar da ta sa shi ciwon? Tsari na hankali shi ne a fara da daina cutarwa, sa'annan a gyara abin da aka ɓata, sa'annan a biya wanda aka cuta. In an gama waɗannan uku, abin da ya biyo baya shi ake kira kyauta. Wanda ya tsallake ukun ya fara da na huɗu, yabo yake saye da kuɗin da ba nasa ba.

AN SAYAR, AN BAR BASHI

A Janairun 2024 Shell ya sanar da sayar da reshensa na tudu ga gamayyar kamfanoni mai suna Renaissance a kan kuɗin da zai iya kai dala biliyan 2.4, cinikin ya kammala a Maris 2025. Kamfanin bai bar Nijeriya ba: ya riƙe rijiyoyinsa na cikin teku mai zurfi da hannun jarinsa a aikin gas na Bonny, wato ya koma inda babu manomin da zai yi masa kuka. Tsofaffin bututu da gurɓatattun fadamu an miƙa su ga kamfanonin da ƙarfinsu bai kama ƙafar nasa ba. A Yunin 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya yi wa mutum taran nan afuwa tare da lambar girmamawa. Iyalansu da masu fafutuka suka ce afuwa ta mai laifi ce, su wankewa suke nema. Suna da gaskiya, domin a nan ma an sake ba su kyauta a inda suke bin haƙƙi.

TAMBIHI GARE MU

Kada mai karatu a Kano ko Sakkwato ya ce wannan matsalar mutanen kudu ce. Kason da jiharka da ƙaramar hukumarka ke karɓa daga asusun tarayya duk wata, babban ɓangarensa daga wannan mai ya fito shekara da shekaru. Wanda ya ci daga tukunya ba ya cewa bai san wanda hayaƙinta ya makanta ba. Sa'annan a Nuwamban 2022 an ƙaddamar da aikin haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gwambe, aka yi ta murna. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da ya wajaba a nema a fili yake. Kada a yarda wani kamfani ya sayar da rijiya ya tafi sai ya ajiye cikakken kuɗin gyara da rufe ta. A raba mai binciken malala da aljihun wanda ake bincika. A buga kowane kuɗi da kamfani ke ba jami'an tsaro, kowa ya gani. A wanke sunan mutum taran Ogoni, a kuma bi kadin jinin huɗun da aka kashe a Giokoo. Kashi 3 cikin 100 na kuɗin gudanarwa da dokar man fetur ta 2021 ta ware wa garuruwan da ake haƙa a cikinsu, a ɗauke shi a matsayin mafari, kada a bari ya zama kuɗin rufe baki. Duk garin da kamfani ya zo masa da alkawarin burtsatse, ya fara tambayarsa a rubuce: in ka ɓata mana ruwan da muke da shi, wa zai biya, nawa, kuma a gaban wane alƙali?

Allah Ya bi wa wanda aka zalunta haƙƙinsa, Ya kuma kare mu daga zama masu taimakon azzalumi da shirunmu.